Amsar Kweri da Na Rubuta wa Baba

A shekarar da na shiga aji uku na sakandare, babu yaron da ya kai ni Turanci a Minna, tun daga Tudun Wada har Shango, kuma in ka matsa mini sai in ce har gadar Chanchaga. Wannan ba yabon kai ba ne, tarihi ne. In na buɗe baki a bakin famfo, mata kan bar bokiti ya cika ya tumbatsa suna kallona. Kajin gidanmu da Turanci nake korarsu, kuma sun fi guje masa a kan Hausa. Bature ake kirana a layinmu, ni kuwa ina amsawa ba tare da na waiwaya ba, don kada a zaci sunan ya yi mini yawa.

Ƙarar tafireta ce ta tono mini wannan zance. Makon jiya na bi ta wata rumfa kusa da kotu, inda har yau wani tsoho ke buga wa mutane takardar rantsuwa. Na ji ƙwas-ƙwas-ƙwas, sannan 'yar ƙararrawar nan ta ƙarshen layi ta kaɗa. Shekarata hamsin da 'yan kai, ga tumbi, ga jikoki biyu, amma sai da na tsaya cak kamar an kira ni ofishin shugaban makaranta. Bari in gaya maka dalili.

Malaminmu na Turanci mutumin Ghana ne, dogo, mai son farar riga. Dokarsa ita ce kowane ɗalibi ya ajiye littafin kalmomi: kullum ka samo sababbi biyar, ka rubuta ma'anarsu, ka sa kowace a jimla. Sauran yara sukan ɗebo abin da ya zo hannu. Ni farauta nake fita. In kalma ba ta kai tsawon ɗan yatsana a takarda ba, ba na ko kallonta. Na raba Turanci gida biyu. Akwai na talakawa, irin su come da go da please da sorry, waɗanda ko mai sayar da burodi a tasha ya iya. Akwai kuma na manya, irin su nevertheless, wato duk da haka, da baseless, abin da ba shi da tushe, da sarauniyarsu gaba ɗaya, preposterous, maganar da hankali ba zai ɗauka ba. Wannan ta ƙarshe na yi mako guda ina faɗa wa bangon banɗaki kafin harshena ya yarda da ita.

Ranar Laraba ake muhawara a makarantarmu, kuma a nan nake baje kolina. Tsarin muhawara ɗaya ne. Ka gai da alƙalai, ka ce ka tashi ne don ka ƙaryata, ka ɗauki hujjojin abokin hamayya ɗaya bayan ɗaya ka farfasa, ka jefa masa tambayar da ba zai iya amsawa ba, sannan ka rufe da fatan cewa 'yan hujjojin nan naka sun gamsar da jama'a. Da wannan na ci ƙamus kyauta. A wurina, duk inda aka ce a yi magana da Turanci, to muhawara ce aka buɗe.

Gidan haya muke, ɗaki takwas, famfo ɗaya, da bishiyar mangwaro a tsakiya. Mu muna da ɗaki biyu. Kusa da mu akwai wani dattijo mutumin kudancin Kaduna, akawu a wata ma'aikata, shi da iyalinsa. Akawu kowa ke kiransa, har matarsa. Duk takardar da ta shigo gidan nan, ta asibiti ce, ta makaranta ce, ta haraji ce, sai ta bi ta hannunsa. Yakan sa tabarau, ya karanta a ransa sau biyu, ya cire tabaran, sannan ya yi magana.

Baba kuwa masinja ne a wata ma'aikatar gwamnati. Ya fara aikin tun kafin a yi jihar, tun Minna tana garin jirgin ƙasa da doya kawai. Yana karanta ajami kamar ruwa, amma boko bai shiga ba. Fayil yake ɗauka daga ofis zuwa ofis a bayan kekensa, kuma yana gane kowanne da launinsa da surar lambar da ke kansa, bai taɓa kai na wani ga wani ba. Sa hannunsa zane ne da ya koya, yakan ɗauki lokaci a kansa kamar mai ɗinkin hula. Turancinsa duka bai wuce cikin cokali ba: morning sir, yes sir, sorry sir. Ni ɗin nan, Allah ya yafe mini, kunyar Turancin nan nake ji.

Lokacin kuwa ba na wasa ba ne. Tsakiyar shekarun tamanin ne, soja sun karɓi mulki, ana ta rage ma'aikata. Ranar Alhamis akan liƙa sunaye a allon sanarwa. In ka ga magidanci ya dawo gida kafin azahar yana tura kekensa maimakon ya hau, ba sai ka tambaya ba. Mutum biyu a layinmu sun riga sun dawo haka. Ɗayansu ya kwashe iyali ya koma ƙauye, yaransa da muke aji ɗaya ban sake ganinsu ba.

Cikin wannan hali, a tsakiyar damina, wani tela aminin Baba ya rasu da safiyar Laraba. Labari ya iske Baba a ofis wajen sha ɗaya, aka ce jana'iza bayan azahar. Ogansa ya fita taro. Ka san gawa ba ta jiran a sa hannu a takardar izini. Baba ya gaya wa matar da ke buga tafireta inda za shi, ya hau keke. Awa biyu ya yi. A cikin awa biyun nan Oga ya dawo, ya nemi a kai wani fayil na gaggawa, aka nemi masinja aka rasa.

Washegari Baba ya shigo gida ruwa na zuba, da ambulan a cikin hularsa don kada ya jiƙe. Takardar tuhuma ce, wadda ma'aikata ke kira kweri. Na karanta masa: ya yi bayani a rubuce, kafin tashi aiki gobe Juma'a, dalilin da zai sa ba za a hukunta shi ba saboda barin bakin aiki babu izini.

Inna tana tuƙa tuwo, ta tsaya da muciya a hannu. Baba ya leƙa ƙofar Akawu. Kwaɗo ne a jiki. Ya tafi garinsu bikin ɗan ƙaninsa, sai Lahadi. Akwai mai rubuta wasiƙa a gaban gidan waya, amma duk abin da ya rubuta da safe, kafin la'asar an san shi a kasuwa, kuma Baba ba ya son a ji an tuhume shi.

Inna ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. Ta nuna ni da muciya ta ce, "Malam, ga yaron nan da ya hana mu sakat da yaren Nasara. Yau ranarsa ce."

Baba ya dube ni ya daɗe. "Za ka iya?"

Na ce, "Baba, wannan ai ko da hagu."

Bayan la'asar ruwa ya tsagaita. Muka zauna a baranda, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na masarar da ake gasawa a ƙofar gida yana shigowa. Na sayo doguwar takarda mai layi da sabon biro. Baba ya naɗe ƙafa ya faɗi abin da yake so, a hankali, yana ƙirgawa da yatsu.

"Ka ce masa na yi kuskure. Ka ce jana'izar ɗan'uwa na je. Ka ce ya yi haƙuri. Ka ce ba zan sake ba."

Na jira sauran. Babu saura.

Na dubi doguwar takardar nan, na dubi 'yan maganganun nan huɗu, na ji raina ya ɓaci. Mutum ya je binne amininsa, ya faɗa wa wadda ya samu a ofis, ya dawo kafin a tashi, sannan a ce shi ne zai roƙa? Kuma da wane Turanci? Da sorry da please, na masu burodi? Shekara uku ina tara kalmomi, ga ranar da za su yi wa mahaifina aiki ta zo, in bar su a littafi? Na ce a raina, Baba bai san yana da gaskiya ba ne, amma ɗansa ya sani.

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Kafin kiran magariba na cika shafi biyu. Na gai da Oga yadda ake gai da alƙalan muhawara. Na ce na tashi ne don in ƙaryata wannan tuhuma. Hujja ta farko, tuhumar baseless ce. Ta biyu, preposterous ne a ce mutum ya zaɓa tsakanin fayil da gawa. Ta uku, nevertheless, wanda ake tuhuma ya dawo kafin a tashi aiki. Sannan na jefa tambayar da ba ta amsuwa: shi Oga, a wannan lokaci, ina yake? Na rufe da fatan cewa 'yan hujjojin nan sun gamsar da shi. Ina so ka sani, babu kalma ɗaya a takardar nan da na yi kuskuren ma'anarta. Na duba kowace a ƙamus. Na kuma kwafi duka a littafina don tarihi.

Baba ya juya shafi biyun a hannunsa. "Duk wannan maganata ce?"

"Turanci ya fi Hausa tsawo, Baba."

"Karanta mini."

Na riƙe takardar, idona a kan preposterous, bakina ya ce, "Na yi kuskure. Jana'izar ɗan'uwa na je. Ka yi haƙuri. Ba zan sake ba." Na ɗan jajja su don su cika lokaci. Baba ya gyaɗa kai, ya yi bisimilla, ya zana sa hannunsa a ƙasa. Da safe ya kai.

Juma'a da Asabar ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Ina hango Oga yana karantawa, yana share gumi, yana aika a kira Baba ya ba shi haƙuri, wataƙila ma ya tambayi wane lauya ne ya rubuta.

Lahadi da yamma Akawu ya dawo da buhun citta da kaza biyu. Ko takalmi bai cire ba na kai masa littafina. Ya sa tabarau. Ya karanta sau ɗaya. Ya karanta na biyu. Ya karanta na uku, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Da ya cire tabaran bai dube ni ba, bishiyar mangwaro ya duba.

"Bature, wannan aikin makaranta ne?"

"A'a, Baba Akawu. Na gaske ne. Yana can ofis tun Juma'a."

"Da sa hannun Babanka?"

"Da shi."

Ya zauna a kan buhun citta.

Ya yi mini bayani da murya ƙasa-ƙasa, kuma har yau ban manta ba. Ya ce kweri ba tambaya ba ce, ko da ta zo da siffar tambaya. Wanda ya rubuta ta ya riga ya san abin da ya faru. Abin da yake so ya gani shi ne ko ka san wane ne babba. Amsarta layi huɗu ce, kuma kowa a gidan gwamnati ya san su, daga masinja har sakatare. Wanda ya wuce layi huɗu yana neman faɗa ne. Wanda ya cika shafi biyu kuwa, a wannan zamani da ake neman sunan da za a cike allo, ya rubuta sunansa da hannunsa.

Na ce, "To a je a ciro ta."

Ya ce ba a cirowa. Da zarar takarda ta shiga fayil, an buga mata hatimi, an ba ta lamba da jan fensir. In aka ga shafi na sha biyu da na sha biyar, babu na tsakiya, wani ma sai ya rasa aikinsa. Dabara ɗaya ta rage. A fayil, sabuwar takarda ce ke hawa sama. In aka samu aka sa wata amsar a kai da sassafen Litinin, kafin fayil ya isa teburin Oga, idonsa zai fara sauka a kan ban-haƙuri, zuciyarsa ta ɗan huce kafin ya ɗaga ya ga abin da ke ƙasa.

"Amma sai Babanka ya sani. Kai za ka gaya masa, ba ni ba."

Baba yana alwala a gindin mangwaro. Na tsaya a kansa har ya gama wanke ƙafa. Duk Turancina ya gudu, Hausar ma da ƙyar ta fito. Na ce abin da na rubuta ba shi ne abin da ya faɗa ba. Ya ajiye buta. Bai tambaye ni me na rubuta ba. Ya dubi Akawu, wanda ke tsaye a ƙofarsa.

"Akawu, da zafi?"

"Da zafi, Malam."

Baba ya sa takalmi ya tafi masallaci. Inna ta ji komai daga madafa. Tuwon da ta ajiye mini ranar nan, kwanon sai da ya yi ƙara.

Akawu ya faɗa, ni na rubuta. Layi huɗu. Sir a farko, sorry a tsakiya, please kusa da ƙarshe. Babu kalma ɗaya a ciki da ta isa shiga littafina. Sai da na ɓata takarda biyu kafin ta fito daidai.

Litinin Baba ya ce in sa kayan makaranta in hau bayan keke. Bai ce me ya sa ba. Gari ya yi luf da hadari, mata suna shigowa daga ƙauye da doya a kafaɗa, jirgin safe yana kuka daga tasha. Ƙarfe bakwai muka isa. Matar tafireta ta riga mu, tana cire wa na'urarta mayafi. 'Yar unguwar Fadikpe ce, mai kirki, Hausarta irin ta kasuwa. Baba ya gaishe ta ya miƙa mata sabuwar takardar, ya roƙa ta sa a saman fayil ɗinsa.

Ta dubi takardar, ta dube shi. "Baba, fayil ba ya nan. Oga ya tafi da shi gida tun Juma'a." Ta rage murya. "Wancan takarda, wa ya rubuta maka shi?"

Ta dube ni da kayan makarantata, ta gane. Ta mayar masa da takardar ya sa a aljihu, ta zauna ta fara bugawa. Muka zauna a benci a baranda. Minti arba'in muka yi, kuma duk tsawonsu ƙarar nan ce a kunnena, ƙwas-ƙwas-ƙwas, sai ƙararrawa, sai ta ja ta koma farkon layi. Na yi ta tunanin ko takardar sallamar Baba take bugawa. Na tuna yaran nan da suka koma ƙauye. Na ƙirga ƙannena huɗu. Na tuna ɗakunanmu biyu da kekensa da tukunyar Inna, na ga duk a kan shafi biyu suke tsaye.

Oga ya iso da fayil a hammata. Ɗan gajere ne, mai furfura a gefen kai, ba ya ɗaga murya. Ya wuce mu kamar bai gan mu ba. Can sai ƙararrawar teburinsa ta kaɗa. Baba ya miƙe, ya gyara kakinsa, ya ce mini, "Taso."

Fanka tana juyawa a sama. Takardata tana buɗe a kan tebur, an ja layi da jan biro a ƙarƙashin wasu kalmomi. Oga ya dubi Baba ya ce da Hausa, "Shekara nawa muna tare, ban san ka yi karatun lauya ba."

"Ranka ya daɗe, yaron nan ne ya rubuta. Ni na sa hannu."

"Ka san abin da ke ciki?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe."

Oga ya turo mini takardar. "To ai bai kamata mutum ya sa hannu a abin da bai sani ba. Karanta wa mahaifinka. Duk inda na ja layi, ka tsaya ka fassara."

Na yi muhawara a gaban ɗalibai ɗari huɗu ban taɓa jin ƙishirwa ba. Ranar nan harshena ya zama kamar ɓawon gyaɗa. Na fara. Na iso layin farko.

"Baseless," in ji Oga. "Me ake nufi?"

"Abin da ba shi da tushe, Yallaɓai."

"Mene ne ba shi da tushe?"

"Tuhumar."

"Wa ya yi tuhumar?"

Fanka ta zagaya kamar sau goma. "Kai ne, Yallaɓai."

"Ci gaba."

Na ci gaba. Na iso kan sarauniyar. Mako guda na yi ina koyon faɗinta, ranar nan ta fito daidai, babu tuntuɓe, kuma ban taɓa jin muguwar kalma irinta ba.

"Wannan fa? Ni kaina sai da na duba ƙamus."

"Maganar da hankali ba zai ɗauka ba."

"Maganar wa?"

Ya jira. Ba ya gaggawa, mutumin nan. A ƙarshe na ce, "Taka, Yallaɓai."

Ban dubi Baba ba, amma ina jin numfashinsa ya sauya. Da na iso tambayar nan ta ƙarshe, Oga ya ce in faɗe ta da Hausa da ƙarfi, yadda na rubuta ta. Na faɗa. Na tambayi shugaban ma'aikata, a gaban masinjansa, da sunan masinjansa, shi ina yake a lokacin.

Sai na ji motsi a gefena. Baba ya cire hularsa. Mutumin da ko a gida ban taɓa ganin kansa a buɗe ba sai zai yi alwala. Ya durƙusa a kan simintin ofis da gogaggen kakinsa, ya ce, "Sorry sir." Ya sake cewa, "Sorry sir." Sannan ya ciro takardar aljihunsa ya miƙa da hannu biyu.

Oga ya karanta ta cikin numfashi ɗaya. "Wannan kuma wa ya tsara?"

"Abin da na ce ya rubuta tun farko ke nan, ranka ya daɗe."

Oga ya huda takardar, ya zura ta a igiyar fayil, ya ba ta lamba. Bai cire tawa ba. Ya rufe fayil ɗin ya ce, "Tashi ka je bakin aikinka. Kai kuma ka tafi makaranta, ka makara."

Shi ke nan. Bai ce an yafe ba, bai ce ba a yafe ba.

Kwana uku muka yi a haka. Baba yana fita, yana dawowa, yana cin tuwo, yana sauraron rediyo. Bai dake ni ba. Na so ya dake ni, har na riƙa gilmawa kusa da shi da gangan, amma ko tsawa. Ranar Laraba aka kira ni muhawara na ce maƙogwarona yana ciwo. Ranar Alhamis, ranar allo, ban iya zaman aji ba. Na sulale na dawo gida na zauna a dakalin ƙofa ina kallon bakin layi. Inna ta fito shanya sau uku, ga kuwa hadari a sama. Sha ɗaya ta yi. Sha biyu ta yi. Wani mutum ya ɓullo yana tura keke, na miƙe zumbur, ashe mai gyaran rediyo ne tayarsa ta sace. Aka kira azahar. Aka kira la'asar. Sai can ga Baba, a kan keke, yana tuƙawa, da gasasshiyar masara a ɗaure a baya. Inna ta koma ciki da sauri, na ji tana fyace hanci a madafa.

Aikin ya tsira, amma ba a banza ba. An ba shi takardar gargaɗi. Da muƙamin babban masinja ya faɗi a ƙarshen shekarar, wanda kowa ya san nasa ne, aka buɗe fayil aka ga shafi biyun nan, aka ba wani da Baba ya koya wa hawan keke da fayil. Shekara uku ya ƙara jira. Bai taɓa ambata mini ba. Akawu ne ya gaya mini, shi ma sai da na girma.

Yanzu duniya ta sauya. Tafireta ta zama abin kallo, masinja ya koma cikin waya, yara suna latsawa na'ura ta rubuto musu wasiƙa da Turancin da ya fi na malaminmu. Gidan hayar nan an rushe shi an yi shaguna, mangwaron ma babu. Ni kaina na yi shekara kusan talatin a aikin gwamnati, na ba da kweri ba ɗaya ba ba biyu ba. In amsa ta zo mini layi huɗu, na san mai ita ya san aiki. In ta zo shafi biyu tana tashin ƙauri, ba na fushi. Nakan kira mutumin in rufe ƙofa in tambaye shi aji nawa ɗansa yake. Ban taɓa kuskure ba, sai sau ɗaya, shi kuma 'yarsa ce.

Ranar da na samu takardar ɗaukar aiki, Baba ya riga ya yi ritaya. Na same shi a baranda yana jan carbi. Na karanta masa ita da Turanci tun daga sama har ƙasa, na fassara, wannan karon daidai. Ya karɓa, ya shafa hatimin da babban yatsa, ya yi mini addu'a mai tsawo. Na miƙe zan tafi, kafaɗa a sama, sai ya ce:

"Bature. In sun ba ka kweri, kada ka taɓa biro. Kawo nan in amsa maka."